Yanar ido: a kawar da tsoro kafin a kawar da yana

A shekarar 2021, babban taron Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ya tsai da shawara cewa kafin 2030 ƙasashe su ƙara kashi 30 cikin 100 a kan adadin mabuƙatan da ke samun aikin yanar ido mai inganci. Wannan buri ya shafi Nijar sosai, domin yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali kuwa tana da magani. Ana yin aikin a manyan asibitocin Yamai da Damagaram, da asibitin ido na Makka a Maraɗi, kuma likitoci sukan fita rangadi cikin jihohi. Duk da haka akwai tsofaffi da yawa zaune a zaure, jikoki na yi musu jagora. Rashin kuɗi da nisan hanya na cikin dalilai, amma akwai na uku wanda ba a cika ambata ba, wato tsoro.

Tsoron yana da tushe. Tun kaka da kakanni masu aikin gargajiya ke shiga ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa haka sun ƙare da ciwo da makanta ta har abada. Ga kuma jita-jitar cewa likita yakan ciro ido ya ajiye a faranti. Wannan ba gaskiya ba ne. Ido yana nan a gurbinsa. Ƴar ƙaramar kafa ake yi a gefensa, a fitar da ƙwayar da ta dushe, a sa ta roba mai haske a madadinta. Tun 1949 likita Harold Ridley ya fara dasa irin wannan ƙwaya a Landan. A yau aikin bai cika wuce minti 20 ba, kuma ba a sa mutum barci: ana kashe zafin idon ne da allura ko da maganin ɗigawa.

Kwanciyar hankalin majiyyaci tana cikin sharuɗɗan nasarar aikin. Wanda ya firgita jininsa yakan hau, har a ɗage aikin bayan ya kashe kuɗin mota daga ƙauye. Wani kuma yakan motsa kai ko ya matse ido a daidai lokacin da likita ke buƙatar ya natsu.

Maganin wannan ba ya da tsada. Na farko shi ne bayani cikin harshen da mutum yake ji, Hausa ne ko Zabarmanci, Fillanci, Barbarci ko Buzanci. A gaya masa tun da wuri cewa za a rufe masa fuska da ƙyalle amma zai yi numfashi yadda ya saba, zai ji muryar likita da ruwa mai sanyi a ido, zai kuma ga haske da launuka suna gilmawa. Wanda aka faɗa wa haka ba ya razana idan ya gani. Na biyu, an gwada an tabbatar cewa riƙe hannun majiyyaci lokacin aiki yana rage fargaba; ana iya shirya da shi ya matsa hannun idan tari ya taso masa. Na uku, a rage tsawon jira a bakin ɗakin aiki, a bar ɗa ko ƴa ta zauna kusa da tsoho har a kira shi. Tambayoyin bayan aiki ma su sami amsa: yaushe za a koma sujada, yaushe mace za ta koma kusa da hayaƙin murhu.

Babu mai rarrashi kamar wanda aka buɗe wa ido jiya ya ga fuskar jikansa. Ya dace ma'aikatan lafiya su haɗa irin waɗannan da masu jiran layi, gidajen rediyo su ba su fili, sarakuna da limamai su kuma su ja hankalin jama'a. Ƙasa tana buƙatar kayan aiki da ƙwararru, amma amfaninsu ba zai cika ba sai tsoho ya yarda ya kwanta da zuciya ɗaya.