Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Anka, Gummi Da Bukkuyum

Ina so in ja hankalinku kan tushen kuɗin da kuke jira daga Abuja duk wata. Babban kaso na wannan kuɗi daga ɗanyen mai yake fitowa, kuma rijiyar ba ta kawo ruwa kamar da. A wajajen 2005 Najeriya na haƙo gangar mai kusan miliyan 2.5 a kullum. A watan Satumban 2022, satar mai da fasa bututu a Neja Delta da janyewar masu zuba jari suka sa ko miliyan 1 ba a iya cikawa. An ɗan farfaɗo, amma har yau ba a koma inda aka baro ba. Na san za a ce ai kason ya ƙaru tun 2023. Gaskiya ne, sai dai cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira ne suka kumbura lissafin, kuma manomin rani da ke sayen fetur da jarka don tayar da injin ban-ruwa a fadamar Gummi shi ya biya wannan ƙari daga aljihunsa. Ku tuna da Enugu: kwal ɗinta ya tuƙa jiragen ƙasa na ƙasar nan shekaru da dama, da aka koma dizal sai mahaƙun suka mutu a tsaye.

Wasu za su ce to ai muna da zinariya, tun da Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024. Ku ne kuka fi kowa sanin abin da ya faru a 2010, lokacin da ake daka dutsen zinariya a turmi a tsakar gida, ƙurar dalma na sauka kan tabarma da kwanon tuwo, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma. Bayan haka, a dokar ƙasa ma'adinai na Tarayya ne, ba naku ba, kuma shi ma ramin zinariya yana ƙarewa.

Abin da ke hannunku shi ne ƙasar noma da ruwan Gulbin Zamfara. Ba na musun cewa 'yan bindiga sun hana mutane da yawa zuwa gonakinsu, amma wannan dalili ne na ɗora kuɗin yau kan tsaron gonaki, da hanyoyin kai amfanin gona kasuwa, da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Ina roƙonku, don Allah, ku ware wa waɗannan kaso bayyananne a kasafin kuɗinku, ku kuma karanta wa jama'a shi a fili. Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.