Fataucin Talla a Intanet: Wa Ke Riƙe da Mudu?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, wata sabuwar sana'a ta shigo ɗakunan kwananmu, tun daga Haɗejiya har Kafin Hausa da Dutse, kuma ƙananan ma'aikata ma ba ta bar su ba. Masu koyar da ita suna ce mata abitiraj. Ni kuwa ban ga sunan da ya dace da ita kamar fataucin talla ba. Ga yadda take. Mutum zai buɗe shafi a intanet, ya nemi kamfanin Google ya riƙa liƙa tallace-tallace a ciki ta tsarinsa na AdSense, wanda aka soma a 2003. Sa'an nan ya biya Facebook domin a koro masa masu karatu. In ya sayi kowane baƙo a kan naira 20, alal misali, tallan da baƙon ya gani ko ya latsa ya kawo naira 30, to, goma ta zama riba.

Bahaɗeje ba ya bukatar malami kan wannan lissafi. Fatakenmu sun daɗe suna sayen bandar kifi a ƙauyukan fadama su kai Kano. Amma fa farke yana taya kaya, yana iya ƙin sallamawa, in kasuwa ta faɗi ya ɗaure buhunsa ya jira mako mai zuwa. Mai fataucin talla ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gwanjon Facebook ne ke yanka masa farashin saye, na Google ke yanka na sayarwa, baƙon da ya saya kuwa in ya leƙo ya fita, ya tafi ke nan. Bugu da ƙari, mudun awon yana hannun mai sayen. A Nuwamban 2023 Google ya ba da sanarwar cewa tallan da ke cikin shafuka zai bar biya bisa latsawa ya koma biya bisa yawan gani, kuma ya aikata haka a 2024. Duk darasin da aka shirya kafin wannan lokaci, tsohon mudu yake koyarwa.

Mu mutanen fadama mun san ma'anar zama a ƙarƙashin wanda ke riƙe da makullin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan da ke iso mana ya daina bin tsohuwar al'adarsa, kachala ta toshe magudanai, wani ya rasa ruwa, wani ya rasa gona. To, wannan sana'a makullanta biyu ne, kuma dukansu suna Amurka.

Mu zo ga kuɗi. Facebook a yau za ka biya shi, haɗe da harajin kashi 7.5 cikin 100 da ya soma karɓa a Nijeriya a Janairun 2022. Google kuwa ba ya biya sai kuɗinka sun kai dala 100, kuma sai wajen ranar 21 ga wata mai bi. In ya yi zargin cewa baƙinka na bogi ne, yana iya rufe asusun ya hana abin da ya taru. Gaskiya ne, tun da aka saki naira a Yunin 2023 har dala ta wuce 1,500 a 2024, dala ɗari ta zama abin sha'awa. Sai dai ɗalibin da jarinsa shi ne naira 20,000 ta lamunin NELFUND, ko kuɗin rajista da mahaifinsa ya sayar da shinkafa ya aiko, ba shi da ƙarfin jiran makonni bakwai, balle asara.

Abin da ya fi damuna ba asarar ba ce. Da yake masu talla sun fi biya domin mai karatu na Amurka ko Ingila, sai ka ga yaron da bai taɓa wuce Kano ba yana kwafo bayanin inshorar mota da Turanci, yana ɗora kanun ƙarya kan biza da aikin ƙetare. In abin ya ƙi, a haɗa ƙungiya ana latsa wa juna talla. Ina bambancin wannan da zuba tsakuwa a buhun shinkafa? Algus ne, ko da kuwa wanda aka cuta Bature ne mai nisa.

Ban ce a guji intanet ba. Wanda ke son farawa, ya fara da hajar da ya mallaka. Ɗan kasuwa a Kano yana son sanin farashin shinkafa da riɗi a Gujungu kafin ya taso. Manomin Auyo yana son labarin taki da irin alkama da Hausa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 zai buɗe shafin da ke gaya masa inda ruwan kogi ya kai a Agusta da Satumba, ba tare da an biya kowa ya koro shi ba. Irin wannan shafi, mai injin casa da dillalin famfon ban-ruwa za su iya sayen filin talla a cikinsa kai tsaye, a yi ciniki da naira, a gaban shaidu.