Martani: Wa Ya Rufe wa Rahama Sadau Ƙofa?

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce Rahama Sadau ta ci moriyar ganga ta yar da kwaurenta, wai Kannywood ta raine ta, ita kuma ta tsallake zuwa Legas. Ka manta ne, ko ka ƙi faɗa?

A watan Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kore ta daga masana'antar saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ. Korar ta aka yi, malam, ba guduwa ta yi ba. Kuma kafin wannan hayaniya ta riga ta lashe kyautar City People ta gwarzuwar jarumar Kannywood a 2014 da 2015, don haka zancen cewa surutu ne ya ɗaga ta bai ma taso ba.

Da aka rufe mata ƙofa, sai ta shirya Rariya a 2017, fim ɗin Hausa. Ta fito a Sons of the Caliphate, ta fito a Up North da aka ɗauka a Bauchi, har Indiya ta je ta fito a Khuda Haafiz kashi na biyu na 2022. Ka soki shigarta in ka ga dama, wannan kai da ita ne. Amma butulci? A wane fim ka gan shi?