Kada Mu Yar Da Allura

Yau maganata a kan allura ce da zare.

Kwanan baya na tambayi 'yan matan ajina, wa ta iya ɗinkin hula? Biyu kaɗai suka ɗaga hannu. Da na ce wa take zuwa talla in an tashi, sai hannuwa suka cika aji. Wallahi abin ya dame ni.

Akwai wata ƙasa a Turai ana ce mata Hangari. Can akwai wasu mutane, Matyo, waɗanda suka shahara wajen ɗinkin furanni a jikin tufafi. Gwanar zane ce take fitar da hoton furen a kan ƙyalle, sa'an nan sauran mata su bi da zare, kamar dai yadda ake zana mana hula mu cike. Ba su yar da abinsu ba, har a shekarar 2012 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. To, me aska takwas da kube da damanga suka rasa?

Wata za ta ce ai keke ya kashe ɗinkin hannu. Ba haka ba ne. Ki dubi magidanta ranar hawan Salla a Gumel. Wanda yake da hali hular hannu yake nema, don ta fi ƙarko da kyau. Ga kuma kasuwar Maigatari kowace Alhamis, har mutanen Nijar suna cin ta.

Amma ki yi lissafi, 'yar'uwa. Ki haɗa kuɗin zare da yadi da kwanakin da kika yi kafin ki sallama wa dillaliya. In da hali ki koyi zanen da kanki, don kada ki zauna 'yar ƙodago har abada.

Ku iyaye na Gagarawa da Sule Tankarkar, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da take ɗinki a gaban uwarta ta fi wadda take yawo da faranti a tasha. Ku kuma 'yan makaranta, karatu tukuna, allura daga baya, kuma da hasken rana saboda idanunku.

Allah Ya sa mu gane, amin.