Kayan Hannunmu a Masaukin Baƙi

Zancenmu na wannan mako a kan otal ne, watau masaukin baƙi na biya, da rabon da muke da shi a ciki.

Kun san Kano ba ta rabuwa da baƙi. Waɗansu ciniki ke kawo su, waɗansu kuwa don su ga Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Har ma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya. To, mutumin da ya taso tun daga Ingila ko Faransa, in ya koma masauki ya tarar da labulen kanti da shayi da burodi irin na garinsu, ai an rage masa rabin tafiya. Namu ya zo gani.

Abin da zai ƙayatar da shi kuwa yawancinsa a hannun mata yake. Waina da kunun gyaɗa da safe. Fura da nono a ƙwarya da ludayi, an rufe da faifai mai launi. Dambun nama don guzuri. Turaren wuta a ɗaki, da mai lalle wadda za ta yi wa baƙuwa ƙunshi. In masu otal suka sayi waɗannan a wurinmu, baƙo ya ji daɗi, otal ya yi suna, matar da ke cikin gida ta sami kuɗin sabulu, 'yarta kuma ta ga amfanin koyon saƙar faifai.

Amma fa sai mun gyara. Na farko tsabta: ruwan damun fura a tafasa shi, ƙwarya a wanke ta sarai. Na biyu a rage yaji, a ajiye shi gefe, mai so ya ƙara. Na uku, alkawari kaya ne. In an ce faifai 20 ran Laraba, kada a kai 12 ran Juma'a.

Mace ɗaya ba ta iya wannan. Ku haɗu kamar yadda kuke haɗuwa a adashi, ku zaɓi wakiliya mai hankali, ta kai samfur wurin manaja da izinin maigida, a yanke farashi tun kafin a fara aiki.

Allah ya sa albarka a sana'armu. Sai mako mai zuwa.