Mai Hidima da Mai Lasifika: Abin da Gaya Za Ta Duba

Sanin kowa ne cewa Gaya gari ne na mashiga. Kafin rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, manyan motoci kan yi jerin gwano a kan gadar Malanbil dare da rana, ga kuma hanyar Kamba mai shiga Nijeriya. To, ba haja kaɗai ke ƙetare irin waɗannan iyakoki ba, masu wa'azi ma suna ƙetarewa. Da yake Kiristoci ƙalilan ne ƙwarai a Nijar, maƙwabci Musulmi yakan auna addinin gaba ɗaya da mutum biyu ko uku da ya gani, don haka halin waɗanda ke kiran kansu bayin Allah ba ƙaramin al'amari ba ne ga zaman lafiyar gari.

Akwai mai zuwa da lasifika, yana alkawarin arziki cikin kwana bakwai, yana sayar da man addu'a a kwalba, ba ya kuma manta tunatar da talaka batun ushiri. Wannan ɗan kasuwa ne, sai dai ba ya biyan kuɗin fito.

Akwai kuma wani irin. Duk falken da ya taɓa lodin albasar Galmi ya san asibitin da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a garin a 1950, wanda akasarin masu jinya a cikinsa Musulmi ne, daga jahar Tawa har Sakkwato. A Danja, kusa da Maraɗi, ƙungiyar ta kafa wurin jinyar kutare tun shekarun 1950, zamanin da dangi ma kan ware wa kuturu ƙwaryarsa. Likitan da zai iya tara dukiya a Turai, me ya zaunar da shi cikin zafin bazara yana wanke gyambo? Ba albashi ba ne, ba kuwa idon sufeto ba. Koyarwarsu ita ce aiki a gaban Allah ake yinsa, kuma tsoron da suke nufi ba fargabar bawa gaban bulala ba ce, girmamawa ce wadda ke sa mutum jin kunyar yin algus ko da babu mai gani. Irin wannan ne ya riƙe Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, a karkarar Maraɗi tun farkon shekarun 1980, yana lallashin manoma su bar kututture ya tofo, har sassaben zamani ya farfaɗo da itatuwa a kan eka miliyoyi, alhali da fari dariya aka yi masa.

An jarraba wannan hali a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, sa'ad da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, mutane kusan 10 suka rasa rayukansu. Shugabannin Kirista suka yi kira ga yafiya, ba ramuwa ba. Wani zai ce ai tsiraru ba su da zaɓi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma rashin ƙarfi na iya hana ɗaukar makami, ba ya tilasta wa mutum ya koma yi wa jama'a hidima da sakin fuska.

Ma'aikacin duwan da ke bakin gada yana da rabo a wannan zance. Linjila ta ba da labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda shi ma garin mashiga ne. Da Yesu ya sauka a gidansa, sai ya ɗauki alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Nijar ta kafa kwamitin binciken laifuffuka a Babban Taron Ƙasa na 1991, ta kafa HALCIA a 2011, ta kafa COLDEFF a 2023. Shi Zakka, labarin bai ambaci kwamitin da ya aika masa sammaci ba.