SHARHI: Maigadin akwatin imel bai san abokan cinikinmu ba

A kwanakin baya, cikin shirin da muke gabatarwa a gidan rediyo domin ƴan kasuwa, wani alhaji mai sayar da kayan gyaran babura a Maraɗi ya bugo mana waya ransa a ɓace. Kwantenarsa ta iso tashar jiragen ruwa ta Lome, amma bai samu labari ba sai da ta yi mako uku a ƙasa. Ya ce da ya ji, sai ya kira wakilinsa mai fito da kaya, wato tiranziter, ya wanke shi tas, har ya kira shi maci amana. Wakilin ya rantse da Allah cewa tun ranar da jirgi ya tsaya ya aiko mashi da takardar sanarwa ta imel. Da gardama ta yi tsawo, aka je wurin wani yaro mai siber aka buɗe akwatin alhajin, sai ga takardar kwance a wani lungu da ake ce ma Spam, tare da wasu wasiƙu biyu na tuni. Kuɗin kwanakin da kwantenar ta ƙara a tasha sun cinye mafi yawan ribar da ya sa ma rai, ga kuma kunyar neman gafara wurin mutumin da ya zarga a banza.

Bayan wannan shiri waya ba ta huta ba. Wata hajiya mai fataucin atamfa da leshi ta ce haka ta je filin jirgin sama na Yamai da jakunkunanta, aka ce mata an sauya lokacin tashi kuma an rubuto mata tun kwana huɗu. Shugabar wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli ta ce takardar gayyatar su wani baje-koli ta zo, amma ba su gan ta ba sai bayan an rufe rajista. Dukansu wuri ɗaya aka tarar da wasiƙunsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu maido da maganar cikin wannan shafi, domin abin da aka faɗa a rediyo iska na tafiya da shi, abin da aka rubuta kuwa ana iya ajiye shi a ba yaro ya karanta.

Mun san wasu za su ce, mu ai da WhatsApp muke ciniki, ina ruwanmu da imel? Gaskiya ne, taya kaya da aika hotuna da saƙon murya duk ta can ake yi. Amma takardun da ke da nauyi har yanzu ta imel suke zuwa. Kamfanonin jiragen ruwa, bankuna, kamfanonin jiragen sama da ofisoshin jakadanci ta nan suke rubuto ma mutum. Mai zuwa babban baje-kolin Kanton da ake yi a birnin Gwanzu na ƙasar Sin sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Oktoba, ta nan yake samun takardunsa. Baƙon da ke son sayen ayar Maraɗi daga Sipaniya, ko mai neman riɗi ko albasar Galmi daga waje, sau da yawa wasiƙarsa ta farko ta imel take zuwa. Kuma kusan duk mai riƙe da waya Android yana da adireshin Gmail, ko ya sani ko bai sani ba, domin yaron da ya saita mashi wayar ranar da ya saye ta shi ne ya buɗe mashi. Tun shekarar 2023 da aka rufe iyakar Gaya da Malanvil, kaya da dama suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko kaya suka ƙaru. A irin wannan hali, kwana ɗaya da aka yi hasara saboda takardar da ba a gani ba yana da ciwo.

To, mene ne wannan Spam ɗin? Iyayenmu sun san akwatin gidan waya mai lamba da makulli, inda ma'aikaci ke jefa ma kowa wasiƙarsa. Aika wasiƙa a wancan zamani sai da kan sarki, saboda haka ba mai ɓata kuɗinsa ya rubuto maka shirme. Da imel ta zo, aka fara da Hotmail da Yahoo a gidajen siber, sannan Gmail ta fito a 2004, sai aika wasiƙa ya zama kyauta. Nan fa masu talla da ƴan damfara suka samu hanya, mutum ɗaya ya aika wasiƙa miliyon a dare guda. Dole kamfanonin suka sa maigadi a bakin kowane akwati, wato na'ura mai tace wasiƙu, wadda ke ware waɗanda take tuhuma ta zuba su gefe. Wannan gefen shi ne Spam. A 2023 kamfanin Google ya ce yana tare wasiƙun banza kusan miliyar 15 kowace rana. Saboda haka ba mu ga laifin maigadin ba. In da babu shi, da ba mai iya samun wasiƙar kirki cikin tarin shara.

Matsalar ita ce maigadin nan bai san fuska ba, bai san cewa wane abokin cinikinka ne na shekara goma ba. Da alamomi yake aiki. In adireshin sabo ne gare shi, in wasiƙar na ɗauke da takarda a maƙale, in tana maganar kuɗi da gaggawa, in an aika ta ga mutane da yawa lokaci guda, ko kuma wasu sun taɓa kai ƙarar mai aikowa, sai ya tuhume ta. Ku duba da kyau, waɗannan alamomin ai su ne na wasiƙar kasuwanci ta gaskiya: ga faktir a maƙale, ga lambar asusun banki, ga roƙon a biya kafin ranar kaza. Bugu da ƙari, tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa ga masu aikowa, suna neman wani irin hatimi na na'ura da ke tabbatar da cewa wasiƙa ta fito ne daga gidan da ta ce ta fito. Ƙananan kamfanonin da ba su gyara nasu hatimin ba, wasiƙunsu na iya faɗawa Spam ko ma a maida su baya. Abin da ya fi muni, wayar ba ta yin ƙara in wasiƙa ta faɗa can, kuma a Gmail da Yahoo duk abin da ya yi kwana 30 a Spam sharewa ake yi. In an share, ko shaidar da za ta raba gardama babu.

Ra'ayinmu a nan shi ne, aikin gabatar da mutanenmu ga maigadin ya rataya a wuyanmu, kuma ba aiki ne mai wuya ba. Na farko, a riƙa leƙa Spam aƙalla sau ɗaya a mako. A ɗaura abin ga ranar da ba a mantawa: mutanen Maraɗi Litinin ko Juma'a, na Damagaram Alhamis ranar kasuwar Dole, na Tawa Lahadi. A wayar salula, in an buɗe Gmail, a taɓa layuka ukun nan da ke sama ta hagu, a gangara ƙasa har a ga kalmar Spam. Wanda ke jiran kwantena ko tikitin jirgi ko amsar biza kuwa, kullum ya kamata ya leƙa.

Na biyu, in an tarar da wasiƙar mutumin kirki a can, kada a karanta kawai a bar ta. A danna wurin da aka rubuta Non-spam domin ta koma babban akwati. Wannan dannawar ita ce ke koya ma na'urar cewa wannan namu ne. Na uku, a ajiye adireshin mutumin cikin jerin sunaye kamar yadda ake ajiye lambar waya, kuma a ba shi amsa ko da ta layi ɗaya ce, domin adireshin da ake musayar wasiƙa da shi ya fi samun shiga. Na huɗu, ga adireshi biyar ko goma da cinikin mutum ya dogara gare su, kamar tiranziter, banki, mai sayar maka da kaya da mai yanka maka tikiti, a je ga kwamfuta a kafa masu abin da ake ce ma filtir, a zaɓi wurin da ke cewa kada a taɓa aika wasiƙarsu cikin Spam. Wannan ba ya yiwuwa cikin Gmail ta waya, sai a kwamfuta, amma aikin minti kaɗan ne kuma sau ɗaya ake yin sa. Mu ƙara da cewa a yi hattara da ba yara waya suna wasa, domin yatsa ɗaya ya isa ya tura wasiƙar banki cikin Spam, daga nan kuma na bayanta su bi ta.

Akwai wani abu makamancin wannan da ke hana wasiƙa isowa gaba ɗaya, wato cikar akwati. Google na ba kowa wuri na giga 15 kyauta, kuma hotuna da bidiyo da ke ajiye a can duk cikin wannan wuri suke. Tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma cikinsa ake lissafa ta. In wurin ya cika, sabuwar wasiƙa komawa take ga mai ita. Duk wanda wayarsa ke nuna mashi cewa wuri ya kusa ƙarewa, kada ya yi biris, ya sa a rage bidiyoyin biki da na suna.

Sai dai kada garin neman gira a rasa ido. Buɗe ma aboki ƙofa na da nasa hatsari, domin ɓarawon zamani da rigar aboki yake zuwa. Wani lokaci yakan sace makullin akwatin mai sayar maka da kaya, ya zauna shiru yana karanta cinikinku, sai ranar biya ta zo ya aiko da faktir iri ɗaya amma da sabuwar lambar asusu, ya ce tsohon asusun na da matsala. Wani lokaci kuma yakan buɗe adireshi mai kama da na abokinka, harafi ɗaya kawai ya bambanta. Wannan damfara ba ƙarama ba ce: hukumar FBI ta Amurka ta ce a shekarar 2023 kaɗai, ƙararrakin da aka kai mata kan irinta sun kai hasarar dalar Amurka miliyar 2 da miliyon 900. In manyan kamfanoni masu lauyoyi da akantoci na faɗawa, ina ga ɗan kasuwar da ke aika kuɗin da ya tara shekara da shekaru?

Saboda haka a riƙe wannan ƙa'ida da kyau: ba a sauya lambar asusun da ake biya a kan wasiƙa kawai, ko daga wa ta fito. A kira mutumin a lambar da aka daɗe da sani, ba wadda aka rubuto cikin wasiƙar ba, a ji muryarsa ya tabbatar. In za a kafa filtir, a sa cikakken adireshin mutum harafi da harafi, bayan an karɓe shi daga bakinsa ko daga katinsa. Kuma ba duk abin da ke cikin Spam ne ake ceto ba. Wasiƙar da ke cewa ka ci caca da ba ka shiga ba, ko wata marainiya na neman wanda zai riƙe mata gado, ko banki na neman lambarka ta sirri, a bar ta inda take, kada ma a taɓa abin da ke maƙale da ita. Mafi yawan abin da maigadi ya tsare, da gaskiyarsa.

Ga iyayenmu mata da alhazan da ba su yi karatun boko ba, ba abin kunya ba ne a nemi mai karantawa. Amma a zaɓi ɗa ko ɗiya ko ƙane na cikin gida wanda aka yarda da shi, a sa mashi wannan aiki na mako-mako kamar yadda ake sa shi lissafin bashi. Kalmar sirri ta akwati kuwa daidai take da makullin shago, ba a barin ta hannun kowane mai saita waya. In an buɗe akwati a siber, a tabbata an rufe shi kafin a tashi daga kujera.

Muna kira ga Majalisar ƴan kasuwa da masana'antu ta ƙasa da rassanta na jahohi, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata, da su sa wannan darasi cikin tarukansu, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, da waya a hannu ana nuna ma mutane. Muna kira ga kamfanonin tiranzit da masu sayar da tikiti da su nemi masani ya gyara masu hatimin wasiƙunsu, kuma duk lokacin da suka aika takarda mai wa'adi su bi ta da kiran waya ko saƙon murya. Cewa “ai na aika” ba ta fid da mutum, in ya san wanda ya aika ma ba kullum yake buɗe akwati ba. Mu ma a gidajen rediyo da jaridu muna da namu rabo, kuma za mu ci gaba da maimaitawa.

Alhajin nan na Maraɗi ya sake bugo mana waya daga baya. Ya ce sun shirya da wakilinsa, kuma yanzu duk Juma'a in an sauko daga masallaci, kafin a buɗe shago, sai babban ɗansa ya zauna kusa da shi sun leƙa Spam tare. Shi sai da ya yi hasara ya koya. Fatanmu masu karatu su koya daga labarinsa, tunda in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kare dukiyar kowa.